Innar Gide a Gindin Taga

Kukan ya taso ne daga gabas da Ruwan Godiya, bayan an idar da sallar isha'i, mutane ba su gama watsewa daga ƙofar masallaci ba. Ba kukan kura ba ne, ba na mujiya ba. Ya fi kama da guɗa, irin wadda tsohuwa za ta ja har numfashi ya ƙare mata, ta sake ɗaukowa daga farko. Ya hau sama, ya sauko, ya sake hawa. Karnuka suka amsa, jakai suka yi ta fizgar turke. Wani ya rantse ya ga jan haske yana juyi a kan itatuwa. Can sai abin ya yi arewa ya nitse.

A lokacin kuɗin mai ya shigo ƙasa, kamfani yana shimfiɗa kwalta ta gefen gari, ya tumɓuke wata tsohuwar tsamiya da ko makiyaya ba sa hutawa a gindinta. Saboda haka mafi yawa suka ce mazauna tsamiyar ne suke yawon neman sabon gida da iyalinsu. Wani tsohon soja ya ce jiniya ce, motar asibiti ce ke yin ta idan ta ɗauko wanda ya jikkata. Ba wanda ya kula shi, domin shi ne ya taɓa cewa ya ga kifin da ya fi soro girma.

Barakatu tana ɗakinta tana kaɗi a gaban fitila. Zaren ya tsinke a hannunta. Nononta na hagu, wanda ya daɗe da bushewa, ya yi mata tsam kamar an soka ƙaya. Ta ajiye mazari, ba ta sake ɗauka ba.

Da safe maƙwabciyarta Mero ta shigo. Ba ta zauna ba, ba ta kuma dubi Barakatu ba. Ta tsaya a gindin rumbu tana kallon awaki, ta ba su labari cewa ashe tsohon soja ya yi gaskiya. Katafila ce ta ja da baya ta taka ƙafar wani lebura da yamma, aka rasa mota sai dare. An kai shi sabon asibitin nan da ke kan hanyar Ƙanƙara. Ɗan Goggo Adama ne.

Barakatu ta ce Allah ya sawwaƙe, da irin muryar da ake yi wa baƙon da aka ji labarinsa a kasuwa. Ta ci gaba da tankaɗe.

Ɗan Goggo Adama kuwa sunansa Harisu, kuma Barakatu ce ta haife shi. Shi ne ɗan farinta. A gidan iyayenta a Daudawa ta haife shi tana yarinya, kuma ta yi kunyarsa yadda uwarta ta yi kunyar nata, yadda kakarta ta yi. Idan za ta ba shi nono sai an tilasta mata, ta kau da kai, ta rufe fuska da gefen zane. Ranar da aka yaye shi Goggo Adama, yayar mijinta, ta goya shi ta tafi da shi ɗaya unguwar. Tun daga nan bakin Barakatu bai taɓa kama sunansa ba. Idan dole ta yi zancensa sai ta ce wancan, ko yaron Goggo. Gari ma ya taya ta, ana kiranta Innar Gide, da sunan ɗanta na biyu. An yabe ta ƙwarai a kan haka, har ana misali da ita wajen yi wa 'yan mata faɗa.

Abin da ba a sani ba shi ne ta haddace bayansa kamar Fatiha. Ta san ƙeyarsa, ta san yadda kafaɗarsa ta dama ta ɗan fi ta hagu sauka, ta san tarinsa a cikin tarin mutum goma. Ranar kasuwa takan zaɓi wurin da za ta baza daddawarta inda zai wuce ya ba ta baya. Fuskarsa ce kawai ba ta sani ba sai a gefen ido, kamar yadda mutum ya san rana.

To ga shi yanzu yana kwance ba mai jinya. Goggo Adama ta rasu da daminar bara. Mahaifinsa ya daɗe da rasuwa. Matarsa Zulaihatu tana Sabuwa wurin iyayenta, ta haihu ba a daɗe ba, tana cikin wankan jego, ruwa kuma ya yanke hanyar. Gide ya bi motar shanu zuwa Ikko, ba a san ranar dawowarsa ba.

Da azahar Barakatu ta gaya wa Mero cewa gwiwarta ta matsa mata, tana so ta je likita ya duba. Mero ta ce gaskiya kwanan nan ta lura tana ɗingishi, ta kuma taya ta ɗaura garin kunu da tsamiya da 'yar tukunya, ba ta tambayi abin da mai ciwon gwiwa za ta yi da ludayi biyu ba.

Asibitin yana wani fili ne kafin a shiga Ƙanƙara, fari fat, rufin kwano yana walƙiya, tagoginsa na gilashi jere-jere kamar haƙarƙari. A sama akwai fanka mai juyawa ba mai kaɗa ta. Likitan wani ɗan siririn mutum ne daga ƙasar Indiya, cikin waɗanda gwamnati ta ɗebo a shekarun nan. Mutane sun sa masa suna Likita Mai-Tambaya, domin ba ya wuce abu bai tambaya ba. Mutumin kirki ne, yana kuma son ya gane mutanen da aka kawo shi cikinsu. Da ya ga marasa lafiya suna sauka daga gado suna kwana a ƙasa, ya bincika, aka ce masa farin zanen gadon ya yi kama da likkafani. Sai ya aika da zannuwan marina aka rino su shuɗi. Da ya ji ana gunaguni kan miƙe ƙafa gabas, ya sa aka juya gadaje. Ya sa aka ajiye butoci a bayan gida. Ya yarda a shigo da kunu da fura.

Har ma'auni ya ƙago don ya san ko ana jin daɗin wurin. A bakin ƙofa ya ajiye gwangwani biyu, fari da baƙi, da ƙwaryar masara a tsakani. Duk wanda zai fita ya ɗauki tsaba ɗaya, in ya gamsu ya jefa a fari, in an ɓata masa ya jefa a baƙi. Kullum da yamma farin yakan cika, baƙin kuwa gizo-gizo ya yi saƙa a bakinsa. Wa zai ci abincin mutum, ya kwana a gadonsa, ya sha maganinsa, sannan ya tsaya a ƙofarsa ya jefa masa baƙi?

Abu ɗaya ne ya taɓa ƙure haƙurin likitan, shi ne 'yan jinya. Da farko ya bar kowa ya shiga, sai ɗakin maza ya koma zauren suna, ana hura wuta a ƙarƙashin gado. Ya ce to mutum ɗaya, uwa ko mata. Washegari mata biyar suka zo wa mutum ɗaya, kowacce ta ce ɗanta ne, kuma ba wadda ta yi ƙarya. Ya yi ta tunani har ya samo dabara. Wadda za ta shiga ta faɗi sunan majinyacin da bakinta, ta kuma ce ita ta haife shi ko ita ce matarsa. Goggo da inna da uwar goyo za su iya faɗin suna, amma ba za su ce sun haifa ba. Ya ji daɗin dabarar tasa sosai.

Mai tsaron wannan doka wata nas ce, Alheri, Bahaushiya daga wajen Malumfashi wadda ta tashi a makarantar mishan. Ita ce kuma tafintar likita. Barakatu ta same ta a ƙofar ɗakin maza, ta gaishe ta, ta ce an kawo wani yaron garinsu da ciwon ƙafa, ta zo da ɗan kunu.

Alheri ta dubi ƙunshin, ta dubi idon matar, ta gane. Kakarta ma haka ta yi da babanta har ta mutu, kuma Alheri ta daɗe da yanke cewa wannan al'ada ce da ya kamata a bar ta a ƙauye.

Ta ce, "Inna, magana biyu ce. Faɗi sunansa, ki ce ke kika haife shi, ki wuce. Ba mai ji sai ni."

Barakatu ta buɗe baki. Sunan yana nan, ta ji shi a kan harshe kamar ƙwallon goriba, shekara da shekaru tana juya shi ita kaɗai. Amma a bayan Alheri ƙofa a buɗe take, ga maza kwance jere, wasu sun ɗago kai.

Ta ce, "Ɗan maƙwabta ne."

"To maƙwabta ba sa shiga, Inna."

Da likita ya zo zagaye Alheri ta gaya masa akwai wata mata a waje. Ya tsaya a kan Harisu ya nuna ta ta ƙofa, ya sa a tambaye shi ko mahaifiyarsa ce. Harisu ya dubi fanka ya ce mutuniyar garinsu ce, mahaifiyarsa ta rasu bara. Shi ma an yi masa tarbiyya. Da ta kawo zancen gwiwarta likita ya ce a duba mata, aka ba ta man shafawa, aka nuna mata gwangwani. Ta ɗauki tsaba ta jefa a fari.

Ba ta koma gida ba. Akwai wata ɗorawa a bayan asibiti inda waɗanda ba a bari sun shiga ba suke yada zango, nan ta kafa murhu. Da la'asar ta bi bayan ɗakin maza tana tafiya a hankali a gindin tagogi, har ta ji tarin. Ta shimfiɗa tabarma a nan, ta jingina bayanta da bango. Siminti ya sha rana, da ɗumi, kamar bayan mutum.

Gadon da ke kusa da na Harisu na wani dattijo ne, Malam Nata'ala, mahaucin Faskari da aka yi wa aikin gwaiwa, wanda ya warke amma ya ƙi tafiya, wai bai gama kallon fanka ba. Ya leƙo ta tsakanin gilasai ya ga mace zaune da ƙwarya a rufe. Ya dubi ƙwaryar, ya dubi yadda saurayin ya daina nishi ya kama kansa, sai ya yi murmushi.

Ya ce, "Baiwar Allah, wannan kunun na sayarwa ne ko na sadaka?"

Ta ce na sadaka ne, in akwai wanda ba shi da mai kawo masa a ɗakin, a ba shi.

"Ai ni ne wanda ba shi da kowa. Matana uku, duk sun ce in an gama gyara ni in aiko."

Ya zura hannu ya karɓa, ya kurɓa sau ɗaya don kada a ce ya yi ƙarya, ya miƙa wa Harisu sauran.

Daga ranar Malam Nata'ala ya zama gada. Barakatu takan yi magana da bango, shi ya ɗauka ya kai tazarar da ba ta fi kamu biyu ba, ko da yake kowa ya san saƙon ya riga shi isa. Takan ce a tambayi mai ƙafar ko ya yi barci. Malam Nata'ala ya juya ya ce wai ana tambaya ko ka yi barci. Harisu ya ce a gaya wa mai tambaya da sauƙi. Malam Nata'ala ya leƙo ya ce wai da sauƙi, amma shi da ke kusa bai ga sauƙin ba, ya dai ga mutum yana cizon bargo. Wani lokaci ya ƙara nasa gishiri. Ya ce mai ƙafa ya ce kunun jiya tsamiya ta yi yawa. Sai a ji Harisu ya yi sauri ya ce shi bai faɗa ba, Barakatu kuma ta sa gefen mayafi ta toshe dariya.

Ba ta taɓa samun kusanci irin wannan ba. Ta ji yadda yake haɗiyar kunu. Ta ji yana ba Malam Nata'ala labarin yarintarsa, yadda Goggo take ɗaure masa ƙafa da zare a jikin nata don kada ya sulale ya tafi rafi, yadda ya taɓa kama ɗan bushiya ya ɓoye a cikin tukunyar miya. Duk ba ta sani ba. Ta riƙa tattara su ɗaya ɗaya kamar mai kalar gyaɗa a gonar da aka riga aka girbe. Wata rana ya ce bai ga ɗan da aka haifa masa ba tukuna, an ce namiji ne, shi kuma ya yi niyya in ya tashi zai ɗauke shi a gaban kowa ya kira sunansa da ƙarfi, duk mai dariya ya yi. Barakatu ta daɗe tana kallon ƙasa. Ba ta san ko da ita yake ba.

Sau ɗaya Malam Nata'ala ya yi kuskure. Ya ce mata cikin wasa, hancin nan na yaron ai ya san inda aka samo shi. Ta naɗe tabarmarta ta koma gindin ɗorawa, ba ta dawo ba sai washegari da yamma. Daga nan ya kama bakinsa, ya kuma gane cewa in ya je ya faɗa wa likita gatsau, ya tona mata asiri ke nan, za ta iya hawa mota ta tafi.

Ƙafar kuwa ba ta yi sauƙi ba. Barakatu ta riga kowa sani, domin iska ta fara kawo mata wani wari ta taga, irin na naman da ya kwana a rufe. Amsoshin Harisu suka gajarta. Ƙwarya ta fara dawowa da rabi, daga baya ta dawo kamar yadda ta shiga. Malam Nata'ala ya ce yaron ba ya iya riƙe ludayi, shi kuma in ya ba shi sai ya kau da kai. Barakatu ta sake zuwa ƙofa. Alheri ta ce mata cikin taushi maganar dai ita ce ta ranar farko. Barakatu ta tsaya har ƙafarta ta yi sanyi, leɓɓanta suna motsi ba sauti, sannan ta juya.

Ranar da aka sallami Malam Nata'ala da ƙarfin tsiya, ya tsaya a gaban gwangwanayen yana gyara hula. Ya sa hannu biyu ya ɗauki ƙwaryar masarar gaba ɗaya ya juye a baƙin gwangwani, har ta zube ƙasa kajin ma'aikata suka rugo. Ya koma kan benci ya zauna yana jira.

Likita ya fito da sauri, fuskarsa kamar ta wanda aka yi wa kyauta. Ya daɗe yana zargin farin gwangwanin nan. Ya sa Alheri ta tambayi dattijon abin da aka yi masa. Malam Nata'ala ya ce shi ba a yi masa komai ba sai alheri, an ɗinke shi tsaf kamar sabuwar salka. Masarar ba tasa ba ce, ta mutanen gindin ɗorawa ce, ya jefa musu ne don su ba za su jefa ba. Bai kama sunan kowa ba. Ya ce likita ya je ya zauna a can ya ga su wa ƙofarsa take tacewa.

Likita ya tafi da farar rigarsa ya zauna a kan saiwar ɗorawa, abin da ba a taɓa gani ba. Mata suka ja mayafi. Ya tambayi ta farko wa take jira, ta ce mai gidan su Bilki. Ya ce mijinta ne? Ta sunkuyar da kai. Ya ce mene ne sunansa? Matan suka yi dariya ƙasa-ƙasa, wata ta ce ina aka taɓa yi. Ya tambayi ta biyu, ta ce yaron yayarta ne, tana faɗa tana kallon wani wuri. Ya dubi Alheri. Sai a lokacin Alheri ta zayyana masa da Turanci, ta daɗe tana magana, ta kawo har zancen kakarta. Ya tambaye ta me ya sa ba ta gaya masa tuntuni ba. Ta ce ta ɗauka in aka matsa musu za su bari.

Ya cire tabarau ya goge. Ya ce a garinsu ma uwarsa ba ta taɓa kiran sunan ubansa ba har ya mutu, shi kuma bai taɓa kawo wa ransa cewa zai tarar da irin wannan a nan ba, balle a ce har da ɗa. Wato ƙofar da ya gina don uwa ta shiga, kowa na iya wucewa ta cikinta in ya yarda ya yi ƙarya, sai uwar.

Bai tambayi Barakatu komai ba, ko kallonta bai yi ba, ta kuma gode masa a zuci. Ya tashi ya ce daga yau ba za a ƙara tambayar kowa suna ko dangantaka ba. Wanda majinyaci yake cin abincin hannunsa, shi ne ɗan jinyarsa. Alheri ta faɗa da Hausa tana kallon sama, kamar mai shela.

Matan suka tashi suna kakkaɓe zane. Barakatu ta riga ta kai ƙofa kafin ta tuna da idanun maza, ta tsaya. Alheri ta wuce ta, ta turo wani labule mai ƙafafun taya, wanda ake kewaye gado da shi idan za a wanke ciwo. Ta kewaye gadon Harisu, ta bar 'yar kafa ta wajen bango.

Ta ce, "Mai kunu ta shigo ta nan. Ba mai ganinta."

A cikin labulen haske shuɗi-shuɗi ne, kamar cikin rijiya da hantsi. Barakatu ta zauna a bakin gado ta ba shi baya, don haka jikinta ya saba. Ta ji zafinsa yana ratsa zanenta. Ta ga hannunsa a kan bargo, babban yatsan mai faɗi, farcen a tsage a tsakiya, irin na mahaifinta sak. Ta daɗe a kan hannun. Sannan ta juyo kaɗan kaɗan, ta bi damtse, ta bi kafaɗar nan da ta sani, ta kai ga wuya, ga ɗan gemu da bai gama haɗuwa ba, ga wani tabo a haɓa da ba ta san ranar da ya same shi ba, ba ta san wa ya rarrashe shi ba.

Idanunsa a buɗe suke, amma zazzaɓi ya tafi da su wani wuri. Suna kallonta kamar yadda ake kallon hanya. Yana magana ƙasa-ƙasa, wai a matsar da jakin, wai ruwa ya kusa cin gyaɗa. Ta sa hannu a ƙarƙashin ƙeyarsa ta ɗago. Nauyin kan ya ba ta mamaki, rabonta da shi tun yana cika tafi ɗaya. Ta kai ludayi bakinsa. Ya sha. Ta sake kaiwa, ya sake sha, har ya kusa rabin ƙwarya. Ya juya kuncinsa ya kwantar a tafin hannunta ya yi barci, ita kuma ta bar hannun a nan har hannun ya mutu mata, ba ta motsa ba.

Ta duƙa kusa da kunnensa, sunan yana bakinta. A bayan labule wani ya yi tari, wani ya ja tsaki yana neman buta. Ta ɗago.

Washegari Gide ya iso, saƙo ya same shi a hanya. Likita ya ce ciwon ya fi ƙarfin wurin nan, sai Zariya, kuma kada a kwana. Motar kamfani ta zo, wurin mutum ɗaya ne a baya, kuma sai namiji mai ƙarfin ɗagawa da saukewa. Aka fito da Harisu a kan gadon ɗauka an lulluɓe shi da shuɗin zane zuwa ƙirji. Mutane sun taru, don haka Barakatu ta tsaya nesa, tana gyara ɗaurin tukunyarta. Gide ya zo ya durƙusa ya ce Inna mun tafi. Ta ce Allah ya tsare, shi kuma ya kula da kansa, ya kuma kula da abokin tafiyar tasa, ya riƙa ɗago masa kai in zai ba shi abu, ba ya son mai zafi sosai.

Ta isa Ruwan Godiya da yamma, shanu suna shigowa gari. Mero ta riga ta share mata tsakar gida ta ba awaki dusa. Wasu mata biyu suka shigo yi mata sannu da zuwa, aka zauna a kan tabarma ɗaya. Barakatu ta ba su labarin fanka, da shuɗin zanen gado, da mahaucin da ya juye wa likita masara. Suka yi dariya. Ta ce yaron Goggo an wuce da shi Zariya, jikin sai addu'a. Ta ce an bar ta ta shiga ta ba shi kunu, da yake ba shi da kowa, ya kuma sha.

Mero tana tsinke zare a bakin zanenta. Da ta yi magana kuwa, ba awaki ta kalla ba.

"Innar Gide, shi ya dai san ke ce?"

Ɗaya daga cikin matan ta miƙe ta ce bari ta je, ta bar tukunya a wuta.